Sarƙa da anka: abin da ke hana jirgi bin ruwa

Matankari na cikin kwarin Dallol Mawri, wanda ke gangarawa kudu har ya haɗu da kogin Isa, wato Kwara, a yankin Gaya. Ko da yake garin ba shi bakin kogi, ɗan kasuwar Arewa da ke safarar masara, gari ko albasa tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, sau da yawa a cikin kwalekwale dukiyarsa ke kwana. In jirgin ya kuɓuce da dare, jarin shekara ne ya bi ruwa.

Kogin na cika sau biyu a shekara: da damina, wajen Agusta da Satumba, sannan da sanyi in ruwan ƙasar Gini ya iso. A waɗannan lokuta, dutsen da aka ɗaura wa igiya ko gorar da aka kafa cikin laka ba su cika riƙe jirgi mai nauyin kaya ba.

Ita ma anka ta ƙarfe, ba nauyinta ne ke riƙe jirgi ba. Haƙoranta ne da ke nutsewa cikin yashi ko laka. Amma ba sa kamawa sai in ana jan ta a kwance. In igiya ce kaɗai, da zaran iska ta taso sai ta miƙe, ta ɗaga wuyan ankar sama, haƙoran su tumɓuke, jirgi ya shiga tafiya.

Nan ne amfanin sarƙa yake. In aka sa ta tsakanin anka da igiya, nauyinta na kwantar da ita a ƙasan ruwa, ja ya zama a kwance. In igiyar ruwa ta bugi jirgi, sai sarƙar ta ɗan tashi ta koma, ta shanye fizgar kafin ta kai ga anka. Haka kuma duwatsun ƙasan kogi da ke cinye igiya ba sa yanke ta.

Ƙa'idar da matuƙa ƙananan jirage suka saba da ita ita ce, tsawon sarƙa ya kai tsawon jirgin. Sarƙa mai kaurin milimita 6 na da nauyin kusan giram 800 a kowace mita, ke nan mita 5 kilo 4 ne kacal. A zaɓi mai rufin tutiya saboda tsatsa. Sannan igiya da sarƙar da za a saki su ninka zurfin ruwa sau 5 zuwa 7: a zurfin mita 3, a saki mita 15 zuwa 21. Gajerar igiya na ɓata aikin sarƙa komai kyanta.

A goshin jirgi ake ɗaure igiyar, ba a gefe ko baya ba, don kada ruwa ya kifar da shi. Bayan an saki anka, matuƙi ya daidaita idonsa kan alamu biyu a gaɓa, kamar itace da gida. In sun goce wa juna, ankar na jan ƙasa.

Ya kamata mai kaya ya duba goshin jirgi kafin a yi lodi, ma'aikatan da ke kula da mashigai su ma su riƙa tambaya. Kuɗin sarƙa bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da jirgi cike da buhuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.