Kafin Ka Ƙera Wuƙarka ta Farko

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, kasuwar wuƙa takan buɗe a Jalingo. Mahauta da masu suya da magidanta kowa na neman mai kaifi. Wannan ke jan hankalin matasa a Barade da unguwanni irin su Sintali da Majidadi, musamman waɗanda suka kalli bidiyon ƙira a waya suka ɗauka aikin yini ɗaya ne. Sha'awar ba laifi ba ce, domin ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. A Taruga an tono murhunan narka tama da suka haura shekara 2,000, kuma har gobe masarautunmu na naɗa Sarkin Maƙera. Sai dai abubuwa biyu ne ke sa wuƙa ta yi aiki, irin ƙarfen da yadda aka sarrafa zafinsa, kuma a nan ne mai koyo shi kaɗai ke yin asara ko ya ji rauni.

Ba kowane ƙarfe ne a wajen 'yan gwangwan zai zama wuƙa ba. Rodin gini ba shi da isasshen sinadarin kabon, don haka ko an wasa shi, yankan albasa kaɗan zai dakushe shi. Sifirin mota, mai kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Tsohon magagari ya fi shi tauri, amma ya fi saurin karyewa. Wanda za a guje wa ɗungurungum shi ne bututun ruwa ko kwanon rufi da aka lulluɓe da tutiya. Idan ya shiga wuta yakan fitar da farin hayaƙi, kuma wanda ya shaƙa, bayan 'yan sa'o'i sai zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki su kama shi, har a zaci zazzaɓin cizon sauro ne.

Bayan an fitar da siffa da masaba a kan uwar maƙera, sai aikin wuta. Ana gasa wuƙar har ta yi ja, maganaɗisu ya daina kama ta, wato zafi ya kai digiri 770, a ƙara kaɗan, sannan a tsoma ta cikin mai. A wannan lokacin tana da tauri, amma faɗuwa ɗaya za ta iya tsage ta kamar tangaran. Shi ya sa ake goge ta, a sake ɗumama ta a hankali daga bayanta, ana kallon launi yana gangarowa. Da bakin ya yi launin busasshiyar ciyawa, kusan digiri 220, sai a tsaya. Idan ya kai shuɗi, taurin ya ragu fiye da kima. Gajeriyar wuƙar girki ta santimita 10 ta isa gwajin farko.

Wani zai ce ai maƙeran gargajiya da ruwa suke tsomawa, ba ma'auni ba tabarau, kuma wuƙaƙensu na yanka. Gaskiya ne, amma idonsu ya yi shekaru yana karanta launin wuta a inuwar rumfa, sun kuma san ƙarfen da ruwa ba ya tsagawa. Sannan ba su da injin yankan ƙarfe mai faifai, wanda ƙaraminsa ke juyawa kusan sau 11,000 a minti, ɓarɓashinsa guda ya isa ya tsiyaye ido. Don haka tabarau wajibi ne. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, domin gubar da yake fitarwa ba ta da wari. Man tsomawa yakan kama da wuta, sai a zuba shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ban da roba, ban da baƙin man inji.

Akwai kuma iyayen da ke tsoron koya wa yaro ƙera wuƙa zai kai shi ga daba. Tsoron nasu abin saurare ne, amma hani tsagwaronsa yakan sa yaro ya koma yi a ɓoye, inda haɗarin ya fi yawa. Yaron da ke zaune gaban maƙeri yana zuga zugazugi, maigida na ganin abin da yake ƙerawa da wanda zai saya. Saboda haka uban da ya ga ɗansa na da wannan sha'awa, ya kai shi maƙera da kansa, ya saya masa tabarau, ya kuma tabbatar an yi masa allurar rigakafin tetanus kafin ya fara taɓa ƙarfe mai tsatsa.