TSOFAFFIN BINDIGOGIN BARNO: GADON DA TSATSA KE CI, DOKA KUMA TA YI MASA IYAKA

Duk wanda ya bi Dandal a birnin Maiduguri ya miƙe gabas, ƙarshen tafiyarsa ƙofar fadar Mai Martaba Shehun Barno ce, unguwar da ta kewaye fadar kuwa ita ce Shehuri. A nan zuriyar fadawa da bayin sarki suka kafa gidajensu tun shekarar 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yarwa. Kamar sauran tsofaffin unguwannin sarauta na ƙasar nan, kayan gadon irin waɗannan gidaje su ne sulke da kwalkwali, da takobi da mashi, da kuma tsohuwar bindiga wadda kakan kaka ya riƙe. Sulke da takobi ba su tayar wa kowa hankali. Bindiga kuwa magana ce dabam, domin ga tarihi a jikinta, ga tsatsa na cinta, ga kuma doka ta zuba mata ido.

YADDA BINDIGA TA SHIGO BARNO

Barno na cikin ƙasashen farko da suka yi yaƙi da bindiga a wannan yanki. Limam Ahmad bin Furtuwa, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma wajen shekarar 1576, ya ambaci Turkawa 'yan bindiga a cikin rundunar sarkin, tare da bayin gida waɗanda aka koya wa harbi, ya kuma nuna irin amfanin da suka yi a yaƙin Amsaka. Ita kanta kalmar bindiga daga Larabci ta samo asali, watau ta biyo hanyar da makamin ya biyo, daga Tarabulus ta ratsa Fezzan har zuwa bakin Tafkin Chadi.

A shekarar 1823 Turawan nan uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso Kukawa wurin Shehu Muhammadu El-Kanemi. Kafintan da ke tare da su, mai suna Hillman, shi ya ƙera wa igwa biyu ta tagulla ƙafafun da za a riƙa jansu, aka kuwa yi aiki da su a yaƙin Ngala da mutanen Bagarmi a 1824. Bayan haka, a 1870, Bajamushe Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar tsaraba daga Sarkin Prussia, a ciki har da bindigogin zamani waɗanda ake ɗura wa harsashi ta baya.

Amma zamanin da bindiga ta juya tarihin Barno baki ɗaya shi ne zamanin Rabe Fadlallah. Da ƙarfin 'yan bindigarsa, waɗanda ya karkasa tuta-tuta ya kuma hore su da faretin soja, ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. Da yake yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta toshe hanyar sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, kowace bindiga da ya samu ganima dukiya ce. A watan Yuli na 1899 ya ƙwace igwa uku daga hannun Faransawa a Togbao. Ranar 22 ga Afrilu, 1900 aka kashe shi a Kusiri, inda Lamy, kwamandan Faransawa, shi ma ya rasa ransa. Ɗansa Fadlallah ya faɗi a Gujba a 1901.

Daga nan sai zamanin Ingilishi. Rundunar da suka kafa a Afirka ta Yamma a 1897 ta fara da bindiga mai cin harsashi ɗaya irin ta Martini, daga bisani ta koma Lee-Enfield mai cin goma. Da ita samarin Arewa suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma samfurinta da jama'a suka sani da sunan mak-fo ya daɗe a kafaɗar 'yan sandan Nijeriya.

SHA'AWAR DA TA ZAMA SANA'A A TURAI

A Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu a lokacin hutu ita ce neman tsohuwar bindigar soja wadda ta lalace, su tattara sassanta da suka ɓace, su mayar da ita kamanninta na ranar da ta fito daga masana'anta. Ba don farauta suke yi ba, yawancinsu ma rataye ta suke yi a bango. Dokar Amurka ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, dokar Ingila ta 1968 ita ma ta keɓe tsofaffin bindigogin da aka ajiye don ado kawai.

Abin da ya ƙara wa wannan sha'awa ƙarfi shi ne cinikin da aka yi a 2003, lokacin da wani kamfanin dillancin kayan tarihi ya sayi makaman da suka shekara fiye da ɗari jibge a wata tsohuwar fada a Katmandu ta ƙasar Nepal. Bindigogin sun haura 50,000, a cikinsu har da Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya fara riƙewa a 1871. Sun fito baƙi ƙirin da busasshen maiko da ƙura, masu sha'awa kuwa suka yi ta saye, kowa ya share makonni yana goge tasa.

Babban abin da waɗannan mutane ke nema shi ne rubutun da ke jikin ƙarfe. Bindigar gwamnatin Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria tana ɗauke da hoton kambi da haruffan V.R., da sunan masana'anta irin su Enfield, da shekarar ƙira, da wata alama mai kama da kan kibiya wadda ke nuna kayan hukuma ne. Waɗanda aka yi don kasuwa sukan ɗauki hatimin gidan gwajin bindiga na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. Wanda ya iya karanta waɗannan alamomi, bindigar da kanta za ta gaya masa inda aka haife ta da hannuwan da ta bi.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin abin da ya halatta a Landan ba lalle ya halatta a Maiduguri ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da iznin Shugaban Ƙasa ake riƙe su, kuma a cikinsu an ambaci bindigogin soja masu cin harsashi .303, watau har da mak-fo komai tsufarta. Na biyu su ne irin na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinsu.

Har ila yau dokar ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ga wanda aka ba izni na musamman. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara goma ne. Saboda haka wanda ya kwaikwayi Bature ya shiga neman sassan bindigar kakansa a kasuwa don ya tayar da ita, garin neman gira zai rasa ido.

Babu garin da ya fi Maiduguri sanin dalilin wannan tsanani. Tun rikicin watan Yuli na 2009 birnin ya ga abin da makami ke yi idan ya faɗa hannun da bai dace ba, a 2012 ma an kai harin bam bayan sallar Juma'a a daf da fadar Shehu. A irin wannan hali, magidancin da ke da tsohuwar bindiga yana tsakanin abu biyu: ya fito da ita a tuhume shi, ko ya binne ta ƙasa ta cinye. Ambaliyar watan Satumba na 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shiga fadar Shehu da gidajen Shehuri, duk ƙarfen da ya kwana a cikin irin wannan ruwa kuwa tsatsa ta sami wurin zama.

ADANAWA DABAM, TAYARWA DABAM

Masana adana kayan tarihi suna bambanta tsakanin tayar da bindiga ta yi harbi da kuma tsayar da lalacewarta. Na biyun ne aikinsu, shi ne kuma tarihi ke buƙata.

Ƙa'idarsu ta farko ita ce a ɗauka kowace tsohuwar bindiga a ɗure take. Albarushi yana iya shekara da shekaru a cikin bututu bai mutu ba, don haka ba a kusantar da ita wuta, ba a taɓa kunamarta, ba a barin yara su yi wasa da ita. Gwada harbi da ita kuwa ganganci ne, domin ƙarfen da tsatsa ta ci ta ciki yana iya fashewa a fuskar mai harbin.

Ta biyu, ba a kankare ta. Wanda ya sa sanfefa ya goge ƙarfen har ya yi ƙyalli ya shafe hatimi da shekara, ya mayar da shaidar tarihi ƙarfen banza. Buroshi mai laushi da ɗan mai kaɗan sun isa, sa'an nan a shafa kakin da ke hana danshi. Icen jikinta a tsare shi daga gara, kada a yi masa fenti. Fatar da aka naɗa mata, da layun da aka ɗaura, da ƙusoshin tagulla da maƙerin gida ya buga don ado, duk ba a cire su, domin su ne ke nuna rayuwar da ta yi a Barno bayan ta bar Turai.

Ta uku ita ce rubuta labarinta: wane ne ya riƙe ta, a wane yaƙi, daga wa ya same ta. Wannan ilmi yana bakin tsofaffi, kuma ya fi ƙarfen saurin ɓacewa.

MAFITA

Hanyar da ta fi aminci ita ce mai irin wannan gado ya bi ta hannun mai unguwa da fada, a sanar da 'yan sanda, a kuma haɗa shi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Hukumar tana da gidan tarihi a Maiduguri, gidan Rabe na Dikwa yana cikin wuraren da take karewa, kuma ita ke kula da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda ake nuna makaman yaƙin basasa.

Ya rage ga masarauta da gwamnatin jiha da Jami'ar Maiduguri su haɗa kai su buɗe wa jama'a ƙofar da za su kawo kayan kakanninsu ba tare da fargaba ba, a kashe bakin kowace bindiga, a rubuta sunan gidan da ta fito a ƙarƙashinta. Ta haka yaron Shehuri zai ga abin da aka yi yaƙin Ngala da na Kusiri da irinsa, ya kuma san tsadar zaman lafiya. Allah ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, amin.