Daga Zanen Sojan Sukotland Zuwa Jan Rawanin Dogari

Ranar 8 ga Satumba, 2022 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta rasu a gidanta na Balmoral da ke ƙasar Sukotland, ɗanta Charles ya gaje ta. A kwanakin makoki, hankalin jama'a da yawa ya koma kan wani hafsan soja da ke tafiya a bayan sabon sarkin. Yana sanye da kwat ɗin soja, da igiyoyi masu ruwan zinariya a kafaɗa, sannan daga ƙugu zuwa gwiwa ya ɗaura wani zane mai gida-gida. Sunansa Manjo Jonathan Thompson, na Rundunar Sarauta ta Sukotland. A lokacin shi ke shigo da manyan baƙi gaban sarki, kuma an sake ganinsa kusa da shi ranar naɗi, 6 ga Mayu, 2023.

Har yanzu hotunan nan suna yawo a wayoyi, kuma mu ma a nan Minanata mun ji gardamar da suke tayarwa tsakanin ɗalibai idan an tashi daga makaranta. Wasu na cewa ba su taɓa ganin soja mai kwarjini irinsa ba. Wasu kuma dariya suke yi, wai ina aka taɓa ganin namiji, kuma soja, da siket? Mun ga ya dace mu bi diddigin zanen nan da aikin mai ɗaura shi, domin labarin yana da reshe da ya zo har ƙofar fadar Sarkin Musulmi.

Mene ne aikinsa?

Turawa na kiran muƙamin nasa ekwari. Asalinsa mai kula da bargar dawakin sarki ne. Da zamani ya sauya, mota ta karɓi aikin doki, sai muƙamin ya koma na hafsan da ake aro daga rundunar soja na 'yan shekaru domin ya tsaya kusa da sarki. Shi ke lura da jadawalin fita, ya san wanda zai shiga da lokacin da zai fito, ya riga sarki sanin inda za a tsaya da inda za a zauna. Idan taro ya tafi daidai, ba mai tunawa da shi. Idan aka samu tangarɗa, shi za a fara nema.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu gare mu ba. Kalmar shamaki a Hausa tana nufin wurin ɗaure dawaki, kuma a fadar Kano Shamaki babban jami'i ne da asalin aikinsa ya shafi dawakin sarki, har ya zama ɗaya daga cikin mafiya kusanci da shi. Ashe dai a Landan da Kano hanya ɗaya aka bi: wanda aka amince masa da doki, shi aka amince masa da sirrin mai dokin.

Zanen da aka taɓa haramtawa

Sunan zanen kilti. Tufafin mutanen tsaunukan arewacin Sukotland ne, inda sanyi da ruwan sama ba sa ɗaukewa. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 16 suke amfani da wani babban bargon ulu: su naɗe rabinsa a ƙugu su ɗaure da ɗamara, su yafa sauran a kafaɗa, da dare kuma su lulluɓa da shi. A ƙarni na 18 aka raba shi, aka bar na ƙasan kaɗai, shi ne wanda muke gani yau. Cikakken kilti yakan ci kusan yadi 8 na ulu, saboda ninkin da ake jerawa a bayansa. Da yake ba shi da aljihu, ana rataya wata 'yar jaka a gaba, ta fata ko ta gashi. Akwai doguwar safa, kuma a al'ada ana soke ƙaramar wuƙa a bakinta.

Zanen gida-gidan da ke jikinsa kuwa sunansa tatan. A yau dangi da rundunoni da makarantu kowa na da launinsa da tsarin layukansa. Akwai ma wanda ake kira na Balmoral, wanda aka keɓe wa gidan sarauta da mai yi wa sarki busa.

A watan Afrilu na 1746 sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe tawayen da mutanen tsaunuka da yawa suka mara wa baya, a yaƙin Kuloden. A shekarar aka kafa doka da ta hana maza da yara maza na yankin sa tufafinsu na gado. Wanda aka kama karon farko, ɗaurin wata 6. Idan ya sake, a kai shi wata ƙasa ta ƙetare na shekara 7. Sojojin sarki kaɗai aka ɗauke wa dokar, shi ya sa barikin soja ya zama mafakar kilti. Sai a 1782 aka soke ta. Shekara 40 bayan haka, a 1822, Sarki George na Huɗu ya ziyarci birnin Edinbara ya fito sanye da kilti, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara. Tufafin da aka ɗaure mutane a kansa ya zama na sarki. Sojojin Sukotland sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi, kuma sai a 1940 aka daina zuwa fagen fama da shi, ya koma na fareti da bukukuwa.

Masu dariyar siket kuwa, mu tuna cewa wando bai zama dole ga namiji a ko'ina ba. Mazan Yaman da Somaliya da Indunusiya suna ɗaura zane, haka dattawan yankin Neja Dalta. Alhazanmu ma da ƙyalle biyu marasa ɗinki suke yin harami. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ɗan Sukotland a Sakkwato

Shekara biyu kacal bayan bikin Edinbara, a watan Maris na 1824, wani hafsan sojan ruwa ɗan Sukotland mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi ɗan kudancin ƙasarsu ne, kuma ba da kilti ya zo ba. A littafin tafiyarsa ya bayyana cewa ranar da zai shiga gari ya sa kwat ɗinsa ta soja mai adon zinariya da farin wando, sannan ya ɗora rawani a ka. Ya fahimci cewa fada ba a shigarta da kowace irin shiga. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi. Ya sake dawowa a 1826, rashin lafiya ta kama shi, ya mutu a watan Afrilu na 1827, aka binne shi a wani ƙauye kusa da gari.

Wata alaƙar kuma muna jinta da kunne. Algaitar Sukotland mai jaka, wadda masu busa na sojojin Najeriya ke amfani da ita a manyan faretoci a Abuja, gado ce daga sojan Birtaniya. Mai busa ta yana tara iska a jakar da ke hammatarsa, yana matsawa, don haka sauti ba ya yankewa. Mai algaitarmu kuma kumatunsa ne jakarsa: yana shaƙar iska ta hanci yayin da yake tura wadda ya tara a baki. Dabara ɗaya ce, kayan aiki ne suka bambanta.

Namu dogaran

Duk ɗan Minanata da ya taɓa bin ayari zuwa Faƙon Idi ranar Sallah, ko ya tsaya kusa da fada a Kanwuri, ya ga mutanen nan masu manyan riguna da jan rawani. Ja da kore su ne launukan da aka fi sanin dogarai da su a masarautun Arewa. Akwai hikima a ciki: a tsakiyar dubban mutane masu fararen kaya, daga nesa za ka gane inda sarki yake, ka kuma san wanda za ka yi wa magana idan kana da buƙata.

Faɗin rigar ma aiki yake yi. Idan sarki zai hau doki ko zai sauka, ko zai zauna, ko zai gyara rawani, dogarai sukan buɗe hannayen rigunansu su yi masa labule, don kada a gan shi cikin halin da bai dace da martabarsa ba. Su ke buɗe hanya, su ke faɗin hattara idan akwai tudu ko gangare, su ke amsa gaisuwa a madadin sarki. Suna da shugabansu, Sarkin Dogarai, kuma a gidaje da yawa aikin gado ne, ɗa ya koya daga uba.

Kafin Turawa su ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, dogarai su ne masu tsaron gari: su kamo mai laifi, su kai sammaci, su isar da saƙon sarki. Turawa sun bar su a kan aikin a ƙarƙashin En'e, daga baya aka kafa 'yan doka masu kaki da horo irin na zamani. Bayan juyin mulkin 1966 aka shiga haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Najeriya, dogarai kuma suka tsaya ga hidimar fada. Amma sunan bai tsufa ba. Har gobe hafsan da ke tsaye a bayan shugaban ƙasa ko gwamna, dogari muke ce masa.

Sarkin Musulmi na yanzu, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya san kakin soja kamar yadda ya san alkyabba. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a 1975, ya kai muƙamin Birgediya Janar, ya kuma wakilci sojan Najeriya a ofishin jakadancinmu na Pakistan, kafin a naɗa shi Sarkin Musulmi na 20 a watan Nuwamba na 2006.

Abin da ke ƙarƙashin ado

Kyan kaya shi ido ke fara gani, amma wanda ya tsaya kusa da shugaba ya san cewa duk abin da aka nufo shugaban da shi, ta kansa zai bi. A daren 15 ga Janairu, 1966, lokacin da sojoji suka afka gidan Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello a Kaduna, an kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu da dogarinsa Zarumi. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da aka harbe Janar Murtala Muhammed a Legas, dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa ya mutu tare da shi. A watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogaransa sun rasa rayukansu.

Ga inda muke da gyara. Mukan yaba wa hafsan Birtaniya a waya, mu tura wa abokai hotonsa, amma idan aka ce da ɗayanmu ɗan dogari, sai ya ji kamar an zage shi. A wasan kwaikwayo na makaranta, dogari shi ne abin ba'a mai ihu da bulala. Mutanen Sukotland doka ce ta raba su da tufafinsu na tsawon shekara 36, suka dawo da shi, suka rubuta tarihinsa, har suka buɗe rajistar hukuma da ke adana kowane tsarin tatan. Mu babu dokar da ta hana mu namu. Abin da ke iya cinye shi raini ne da rashin tambaya. Dattijon dogari da ya san ma'anar kowane kira da kowane tsayi a fada, idan ya rasu ba wanda ya rubuta daga bakinsa, ya tafi da iliminsa ke nan.

Ga mai sha'awar aikin

Wanda kakin ya burge shi har yana son ya sa, hanyar a buɗe take, amma ta aji ta bi. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana neman kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, da jarrabawar JAMB, da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Ana kuma ɗaukar mata a aikin soja. Daga cikin hafsoshin da suka fito, kaɗan ne ake zaɓa su tsaya a bayan shugaba, kuma abin da ake dubawa a nan za a iya fara koyonsa tun yanzu: zuwa a kan lokaci, tsabta, riƙe sirri, da iya yin shiru a inda magana ba ta da amfani. Ɗalibin da aka ba shi riƙon aji ko kuɗin ƙungiya ya riƙe amana, ya riga ya ɗauki darasin farko.

Aikin wannan mako

Muna ba ƙungiyoyin tarihi da na Hausa na makarantunmu shawara su nemi izinin malamansu su ziyarci gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin gari, su duba kayan fada da na yaƙi da aka ajiye. Wanda kuma yake da dogari a danginsu ko a unguwarsu, ya je ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ina son ka koya mini." Ya tambaye shi sunan kowane yanki na kayansa, da wanda ya ɗinka, da yadda ake naɗa rawanin, da wanda ya gada, da ranar da ta fi masa wuya a bakin aiki. A rubuta amsoshin a shafi ɗaya, a sa suna da aji da makaranta, a aiko mana. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.