Mai Sana'ar Kanta: Ina Rabonta Idan Haihuwa Ta Zo?

Maganarmu ta wannan mako a kan wata tambaya ce da ke yawo a bakin mata masu sana'a a Dutse da kewayenta, watau masu ɗinki da masu kitso, da masu ƙuli-ƙuli da awara, da masu sarin dabino da riɗi. Sukan ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar ofis ta haihu, ta zauna gida wata da watanni, albashinta kuwa yana shiga kamar ba abin da ya faru. Sai su ce, to, mu fa? Wane ofis za mu kai takarda a ba mu namu kuɗin jego?

Gara ki ji gaskiya tun da wuri, 'yar'uwa. Babu wannan ofis. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mai ciki hutun mako goma sha biyu, shida kafin haihuwa, shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashinta, muddin ta yi wata shida tana aiki a wurin. In ta koma aiki kuma a ba ta rabin sa'a sau biyu a yini don ta shayar. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya nasu ya fi haka tsawo, kuma da cikakken albashi. Jihar Ikko ta kai nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Amma ki lura da wanda ke biya: wanda ya ɗauki mace aiki. Ke kuwa da ke ce ma'aikaciyar, ke ce kuma uwar ɗakin kanki, dokar ba ta ambace ki ba ko kusa. Sai dai ta wata fuska: in kina da shagon ɗinki, kin ɗauki wata kina biyanta albashi, ran da ta yi ciki ke ce mai biya.

Ba ko'ina haka abin yake ba. A Ingila mace mai sana'ar kanta takan riƙa zuba ɗan kuɗi a asusun inshora na ƙasa. In ta yi aiki mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci haihuwa, sai ta cika takarda, Gwamnati ta riƙa ba ta kuɗi har mako 39. Asirin abin shi ne sunanta yana rubuce, sana'arta ma a rubuce take. Mu kuwa yawancin cinikinmu daga tsakar gida yake fita, a kan tiren yarinya ko ta bakin zaure, ba littafin da ya san da shi. A ganina wannan rashi ne babba, domin matan da ke riƙe da tukunyar gidajen Jigawa mafi yawansu ba su da albashi.

An taɓa gwada ba mai ciki kuɗi a hannu a nan kusa da mu. Daga 2014 zuwa 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin Gwamnatin Ingila, sun gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara. Mace takan karɓi naira 3,500 kowane wata tun daga samun ciki har yaro ya cika shekara biyu, a 2017 aka mai da shi 4,000. Masu cewa mata za su ɓarnatar da kuɗin sun ji kunya, don da aka bincika sai aka tarar tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa kuma sun ja jari da shi, sun sayi awaki. Amma wannan shiri an rufe shi. Saboda haka duk wanda ya zo ƙofar gidanki da fom, ya ce ki ba da wani abu a sa sunanki a kuɗin masu ciki, ki riƙe kuɗinki. Taimakon Gwamnati na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa, kuma Mai Unguwa da ma'aikatan asibitin mazaɓarku za su san da shi kafin baƙo ya sani.

To, ashe ba ki da kome ke nan? Kina da shi. Rabonki yana zuwa ta hanyar magani da kulawa, kuma mata da yawa suna barinsa a ƙasa don ba su san nasu ba ne. Tun zamanin Gwamna Sule Lamido Jigawa ta ɗauki manufar duba masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, aka tsara kowace mazaɓa ta sami asibiti guda da kuɗin zai riƙa isa gare shi. Jigawa tana da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27. Hukumar JICHMA, wadda ke kula da asusun taimakekeniyar lafiya na jiha, ita ke rubuta sunayen masu cin wannan gajiya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuwa ta lissafa mai ciki a cikin waɗanda za a tallafa wa. Mai sana'ar da ke da hali tana iya shiga asusun da kuɗinta, ta biya na shekara.

Mabuɗin dukan wannan kuwa katin awo ne. Da zarar kin ga wata biyu ko uku sun wuce, ki tafi asibitin mazaɓarku a rubuta sunanki. Na san al'adarmu ta ɓoye ciki, musamman na fari, ana jin nauyin surukai, ana tsoron baki. Amma ma'aikaciyar awo ba shela za ta yi ba, kuma wadda ta bari sai wata bakwai ta riga ta yi asarar maganin ƙarin jini na watanni, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar sandarewar wuya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau takwas kafin ta sauka. Ran da za ki tafi ki riƙe takardarki ta NIN, ki tambayi shugaban asibitin ƙarara: ana rajistar masu ciki a asusun lafiya a nan? Yaushe? Me zan kawo? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku 'yammata 'yan makaranta, nan aikinku yake. Ku raka iyayenku da yayyenku, ku karanta musu abin da aka rubuta a kati, ku tuna musu ranar komawa.

Ba zan ce miki kullum za ki tarar da kome a shirye ba. Wani lokaci magani yakan ƙare, a rubuta miki ki saya a waje. In an nemi kuɗi a hannunki, ki tambaya na mene ne, ki nemi rasit. In abin ya yawaita, kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitinta, maigida ko shugabar mata su kai magana can.

Haihuwa mai gardama ita ce mai cinye jari dare ɗaya, don haka ki riƙe abu biyu. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su, sai ki tambaya tun a wurin awo wane ne mafi kusa da ke. Na biyu, a babban asibitin Jahun likitocin ƙungiyar MSF suna karɓar haihuwa mai wuya da masu yoyon fitsari kyauta tun 2008. Mota kuwa a shirya ta tun ciki yana wata takwas. Shirin Haihuwa Lafiya ya koya wa ƙauyukanmu ajiye direba da ɗan asusun gaggawa, to ko ba shiri, maigida ya san direban da zai buga wa waya da tsakar dare, da kuɗin man da za a ba shi.

Saura kuɗin zaman jego, wanda ba mai ba ki sai ke. Ga lissafi, kamar a aji. A ce ribarki naira 1,500 ce a yini. Kwana arba'in ba ciniki, kin rasa 60,000 ke nan. In kika fara ajiye 350 kullum tun ciki yana wata uku, cikin kwana 180 kin tara 63,000. Ki sa taki ribar a gurbin wannan, ki sake bugawa. Mai adashi ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo watan haihuwa, amma ta tuna zubi ba ya tsayawa don ta haihu, sai ta ware na wata biyu a gefe. Wadda kuɗi ba ya zama a hannunta ta sayi 'yar akuya.

Akwai kuma abin da ke ba ni takaici. Mace ta yi wata shida tana tari, ran suna sai a ga kuɗin sun tafi wajen anko da kayan fitar suna da masu kiɗa, kwana takwas da haihuwa ta koma bakin kasko tana suya, jiki bai koma ba, jariri yana shan hayaƙi. Ci da sha da sutura da ragon suna nauyin maigida ne, shari'a ta ɗora masa, dukiyar mace kuwa tata ce. Ki taimaka in kin so, amma ku yi wannan magana da shi cikin ladabi tun kafin wata tara, a san abin da ke kan kowa. Jari kuma a ƙulle shi daban, kada a taɓa.

Kada kuma ki bar masu cinikinki su watse. Tun yanzu ki koya wa ƙanwarki ko abokiyar zamanki yadda kike auna gyaɗa da yadda kike yanka awara, ku yanke rabon riba a gaban shaida, ta riƙe miki kasko har ki yi arba'in. Mai ɗinki ta daina karɓar aiki tun wata takwas, ta sallami kayan mutane da ke hannunta, don kada a zo barka ana tambayar ina riga.