Yankewar Sadarwa Tsakanin Saba da Kwamfutoci Bayan Sabunta Babbar Manhaja: Dalilai da Hanyoyin Gyara a Manyan Makarantun Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin dalilan da ke sa kwamfutoci su kasa sadarwa da saba bayan an sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da su, tare da jero matakan gano matsalar da gyara ta. An dubi batun ne ta fuskar manyan makarantun Birnin Kebbi da Argungu, inda jarrabawa da rajistar ɗalibai da adana kundayen bincike ke ƙara komawa kan na'ura.

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wato ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da ya saba aikowa. Shekara biyu kafin nan, a Oktoban 2023, ya yi haka ga Windows Server 2012. Don haka sabunta manhaja ya zama tilas ga duk cibiyar da ke son kare bayananta. Lamarin ya shafi makarantu irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, haka kuma ya shafi cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, kasancewar hukumar JAMB ta koma wannan tsari gaba ɗaya tun 2015. Manazarcin Hausa ma yana da hannu a ciki, domin kundayen digiri da waƙoƙin baka da aka naɗa da hotunan rubuce-rubucen ajami duk a irin waɗannan na'urori ake ajiye su.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Babbar manhaja kuwa ita ce ginshiƙin da sauran manhajoji ke hawa kansa, kamar Windows ko Ubuntu. Kafin kwamfuta ta yi magana da saba, sai abu huɗu sun daidaita: hanya, wato waya ko igiyar iska, adireshi, yaren sadarwa da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da izinin shiga. Sabunta manhaja na iya taɓa kowanne daga cikinsu ba tare da mai na'ura ya ankara ba.

3.0 Darasi Daga Jarrabawar 2025

A ranar 14 ga Mayu, 2025, magatakardan JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa kuskuren na'ura ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar ya nuna cewa wani gyaran manhaja ne ba a ɗora shi yadda ya kamata a kan wasu sabobi ba, har aka sa ɗaliban suka sake zama jarrabawar. Jihar Kebbi ba ta cikin wuraren da abin ya shafa, amma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Darasin shi ne, idan aka sabunta wani sashe na tsari aka bar wani, saɓanin da ke tsakaninsu kan ɓuya har sai ranar da aka fi buƙatar na'urar.

4.0 Dalilan Yankewar Sadarwa

Dalili na farko shi ne sauyin adireshi. Saba na buƙatar adireshin IP tsayayye domin sauran kwamfutoci su san inda za su same ta. Sabuntawa kan sake girka manhajar katin sadarwa, wani lokaci adireshin da aka sa da hannu ya goge. Idan kwamfutar Windows ta nuna adireshin da ya fara da 169.254, alama ce ta cewa ba ta sami mai ba ta adireshi ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta. A Ubuntu kuwa, tun daga sigar 17.10 aka koma amfani da Netplan wajen tsara sadarwa, kuma sunan kati na iya sauyawa daga eth0 zuwa wani abu kamar enp0s3, sai tsohon saiti ya riƙa neman katin da babu shi.

Na biyu shi ne katangar tsaro. Windows na raba hanyoyin sadarwa zuwa na jama'a da na keɓe. Idan bayan sabuntawa ta ɗauki hanyar ofis a matsayin ta jama'a, sai ta toshe ƙofofin musayar fayil, ciki har da ƙofa ta 445.

Na uku shi ne yaren sadarwa. Bayan harin WannaCry na Mayun 2017, wanda ya bi ta raunin tsohuwar ƙa'idar SMB1, Microsoft ya daina girka ta kai tsaye daga sigar 1709 ta Windows 10. Sigar 24H2 ta Windows 11 ta ƙara tsanantawa, inda ta wajabta sa hannu na lantarki a saƙonnin SMB. Haka nan a 2021 aka ayyana ƙa'idojin TLS 1.0 da 1.1 a matsayin waɗanda suka tsufa. Sakamakon haka, tsohuwar saba ko na'urar buga takardu da ba ta iya sabon yaren ba takan zama kamar kurma a gaban sabuwar kwamfuta.

Na huɗu shi ne agogo. Tsarin tantance mai shiga na Kerberos, wanda Windows ke amfani da shi, ba ya karɓar bambancin lokaci da ya wuce minti 5 tsakanin saba da kwamfuta, sai in an sauya saitin. Wannan ya fi shafar wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, domin kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan tashi da kwanan wata na bogi.

5.0 Matakan Gyara

Ƙa'idar aikin ita ce a fara daga ƙasa a hau sama. Da farko a duba waya da fitilar na'urar rarraba layi, domin ƙurar hunturu da zafin bazara a kwarin Rima kan lalata mahaɗa, a ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba. Sai a duba adireshi da umarnin ipconfig a Windows, ko ip addr a Ubuntu. Daga nan a aika ping zuwa adireshin saba, sannan zuwa sunanta. Idan adireshi ya amsa suna bai amsa ba, matsalar tana ga DNS, wato rajistar da ke haɗa suna da adireshi. Idan babu wanda ya amsa, a duba katangar tsaro a mayar da hanyar zuwa ta keɓe, a buɗe ƙofar da ake buƙata kaɗai. Bayan haka a daidaita agogo, a tabbatar hidimomin saba sun tashi, a karanta kundin rahoton kurakurai na na'urar, domin a nan take rubuta abin da ya hana ta aiki.

Akwai gyara iri biyu da ke kama da magani alhali cuta ne: kashe katangar tsaro ɗungurungum, da maido da SMB1. Dukansu kan dawo da sadarwa nan take, amma suna barin bayanan ɗalibai a buɗe ga ɓarayin intanet. Abin da ya dace shi ne a sabunta tsohuwar na'urar, ko a keɓe ta daga sauran. Idan komai ya faskara, Windows na ba da kwana 10 da za a iya komawa tsohuwar siga.

6.0 Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kafin a taɓa saba, ya kamata a kwafe bayananta zuwa wani wuri dabam, a rubuta adireshi da saitunanta a takarda, a gwada sabuntawar a kan kwamfuta ɗaya, a kuma tanadi wutar da ba za ta yanke ana tsakiyar aiki ba. Lokacin hutu ya fi dacewa da aikin fiye da makon rajista ko na jarrabawa. Tallafin Windows Server 2016 zai ƙare a Janairun 2027, saboda haka makarantun da ke kanta suna da damar tsara ƙaurarsu tun da sauran lokaci. Ga sassan Hausa kuma, akwai aikin daidaita kalmomin wannan fanni, ta yadda ma'aikacin ɗakin kwamfuta a Argungu da malami a Birnin Kebbi za su kira matsala da suna ɗaya.