Tsufa a Birni da Tsufa a Ƙauye: Bambancin Samu da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Tsofaffi a Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar jama'a da aka yi a ƙasar Sin a shekarar 2020 ta nuna cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, wato kashi 18.7 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Zuwa ƙarshen 2024 adadin ya haura miliyan 300. Babu wata ƙasa a duniya mai yawan tsofaffi haka. Wannan maƙala za ta dubi yadda bambancin samu yake shafar kwanciyar hankalin waɗannan tsofaffi, da kuma dalilin da ya sa kiran da ake yi musu na su tsufa cikin kuzari yake da ma'ana ɗaya a birni, wata daban a ƙauye.

2.0 Ma'anar kalmomi

Kafin mu shiga bayani, ya kamata ɗalibi ya riƙe kalmomi uku. Ta farko ita ce "bambancin samu". Da ita muke nufin tazarar da ke tsakanin mutane ta fuskar kuɗin shiga da ilimi da damar zuwa asibiti. Ta biyu ita ce "lafiyar ƙwaƙwalwa". Mun guji "lafiyar zuciya" domin mai karatu zai iya ɗauka ciwon bugun zuciya ake nufi, mun kuma guji "taɓin hankali" domin Bahaushe yakan fassara shi da hauka. Abin da ya fi damun tsofaffi shi ne ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai daɗewa, da rashin barci, da kaɗaici, da jin cewa mutum ya zama kaya ga iyalinsa. Ta uku ita ce "tsufa cikin kuzari". Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta gabatar da wannan manufa a shekarar 2002, ta kuma ɗora ta bisa ginshiƙai uku: lafiya, da shiga cikin harkokin jama'a, da kariya daga talauci da wulaƙanci.

3.0 Tushen bambancin

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Halin da tsohon ƙasar Sin yake ciki yau ya samo asali ne daga inda aka yi masa rajista yana yaro. Tun 1958 ƙasar ta kafa tsarin rajistar gidaje da ake kira hukou, wanda ya raba jama'a gida biyu, masu rajistar noma da masu rajistar birni. Mai rajistar birni ya samu aikin gwamnati ko na masana'anta, tare da gida da magani da fansho. Mai rajistar noma an bar shi da gona da 'ya'yansa su zame masa madogara.

Tsofaffin yanzu sun ratsa yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta fi yin ɓarna a karkara, sa'an nan Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya katse karatun da yawa daga cikinsu. Da aka buɗe tattalin arzikin ƙasar daga 1978, matasa suka kwarara zuwa birane neman aiki, har 'yan ci-rani daga karkara suka kusa miliyan 300. Sakamakon haka ƙauye ya riga birni tsufa. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai kashi 23.8 cikin ɗari na mazauna karkara, alhali a birane kashi 15.8 ne.

Fansho shi ne inda tazarar ta fi fitowa fili. Sai a 2009 aka fara sabon tsarin fansho na manoma, kuma mafi ƙarancin abin da gwamnatin tsakiya ta yanka a lokacin yuan 55 ne a wata. An yi ta ƙara shi har ya kai yuan 143 a 2025. A ƙiyasin 2023, manomin da ya tsufa yana karɓar yuan 200 da 'yan kai a wata, tsohon ma'aikacin birni kuwa sama da yuan 3,000. Wato ninki goma da ɗoriya ke nan.

4.0 Yadda rashi yake taɓa ƙwaƙwalwa

Jami'ar Beijin tana gudanar da wani babban bincike kan lafiya da ritaya, wanda aka fara a faɗin ƙasa a 2011 da mutane kimanin 17,000 masu shekara 45 zuwa sama. Ana komawa wurin waɗannan mutane bayan 'yan shekaru a sake yi musu tambayoyi, ciki har da guda goma da suka shafi barci da kaɗaici da fata ga gobe. Rahoton da aka fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa sama suna da alamun ciwon damuwa. Alamun sun fi yawa ga mata, da mutanen karkara, da marasa karatu.

Hanyoyi uku ne rashi yake bi ya kai ga damuwa. Ta farko ita ce cuta: wanda ya yi shekara arba'in yana duƙe a gona yakan tsufa da ciwon gwiwa da na baya, kuma ciwon da ba ya jin magani yana jawo baƙin ciki. Ta biyu ita ce kaɗaici. Al'adar Sinawa, bisa koyarwar Konfushiyas, ta ɗora wa ɗa nauyin kula da iyayensa, amma ɗan yana can wata masana'anta mai nisa, ba ya zuwa gida sai lokacin bikin sabuwar shekara. Dokar ɗa guda, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta ƙara rage yawan masu kula da iyaye, musamman a birane. Ta uku ita ce dogaro. Tsohon da ba shi da kuɗin kansa yakan ɓoye ciwonsa don kada ya cinye abin da ɗansa ya tara.

Mafi munin sakamakon shi ne kashe kai. Binciken da Michael Phillips da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet a 2002 ya gano cewa tsakanin 1995 da 1999 yawan kashe kai a karkarar Sin ya ninka na birni sau uku. Adadin ya ragu sosai daga baya, amma tsofaffin ƙauye sun ci gaba da zama rukunin da abin ya fi shafa. Har ila yau likitocin ƙwaƙwalwa sun taru ne a manyan birane, kuma tsofaffi da yawa kan kai kukan ciwon kai ko kasala asibiti, ba su ambaci baƙin cikin da ke ƙarƙashinsa ba, saboda kunya.

5.0 Kuzarin zaɓi da kuzarin tilas

Wanda ya shiga lambun shaƙatawa a Shanghai da asuba zai tarar da tsofaffi suna motsa jiki irin na taici, da yamma kuma mata suna rawa a dandali cikin rukuni. Akwai jami'o'in tsofaffi, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a lardin Shandong a 1983, inda ake koyon zane da kiɗa da amfani da waya. Bincike ya sha nuna cewa masu irin wannan cuɗanya sun fi ƙarancin damuwa.

Tsohon ƙauye ma yana cikin motsi, ƙila ma ya fi na birni. Yana noma har ya haura shekara 70, yana kuma renon jikokin da iyayensu suka bari. Idan da motsi kaɗai ake auna tsufa cikin kuzari, da shi ne zakara. Sai dai shi tilas ce ta sa shi, domin ginshiƙi na uku, wato kariya, bai tsaya masa ba. Ke nan dole mai nazari ya rarrabe tsakanin aikin da tsoho ya zaɓa da wanda yunwa ta ɗora masa. Ko ƙarin shekarun ritaya da ya fara aiki a Janairun 2025, wanda a hankali zai kai na maza daga 60 zuwa 63, ma'aikata ya shafa, domin manomi ba shi da ranar ajiye aiki.

6.0 Matakan gwamnati

Hukuma ta ɗauki matakai da dama. A 2003 ta kafa inshorar lafiya ta haɗin gwiwa ga manoma. A 2013 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta fara aiki, kuma a wannan shekarar gyaran dokar kare haƙƙin tsofaffi da ya wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu a kai a kai ya fara aiki. Tun 2008 a Feixiang da ke lardin Hebei aka fara gidajen taimakon juna, inda tsofaffin ƙauye suke zama tare, mai ƙarfi ya kula da mai rauni. Duk da haka, doka ba ta biya wa ɗan ci-rani kuɗin jirgin ƙasa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa damuwar tsohon ƙasar Sin tana bin sawun rajistarsa da karatunsa da fanshonsa. Shawarar a fita a motsa jiki a shiga jama'a tana da amfani, amma tana cin moriyarta ne ga wanda cikinsa ya cika kuma yake da kuɗin magani. Saboda haka duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da alƙaluman da suka ce tsofaffi kaza suna aiki, sai ya tambaya ko so ne ya sa su ko kuwa rashi.