Mai Wurno: Garin da Hijira Ta Haifa a Gaɓar Nilu

Duk lokacin da na tambayi ɗalibaina inda Mai Wurno yake, sai su ce ƙasar Sakkwato. Sunan ne ke ruɗinsu. Garin yana Sudan, a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar.

Tushensa Burmi. A can ne sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903, yana kan hanyar hijira. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas. Bayan doguwar tafiya suka yada zango a Shaikh Talha, daga bisani suka tsallaka kogi, suka sari daji, suka kafa gari da laƙabin jagoransu.

Fartanya ce ta zaunar da su. Sun noma dawa, kuma da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu. Mahajjatan ƙafa da guzuri ya yanke musu suka riƙa tsayawa neman abin tafiya, da yawansu ba su sake tashi ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya isa jihar Sinnar a 2024. Jikokin masu hijira suna fuskantar wata hijirar, alhali yawancin labarin kakanninsu yana bakin dattawa. Ina kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu da su nemi waɗannan dattawa, su naɗi muryoyinsu tun suna raye.